Yadda na rage tumbi a Jidda ban daina cin shinkafa ba

Tun da 'yan uwa suka lura jallabiyoyina sun fara yi min yawa ban huta da tambaya ba, a masallaci a tambaye ni, a baƙala, wato kantin unguwa, a tambaye ni, har daga Makka da Madina ana kira ana cewa Malam don Allah me ka sha? To ni dai ban sha komai ba, abin da na daina sha ne ma ya fi yawa. Na tashi daga kilo 97 na dawo 84 a cikin wata takwas, kuma har yau ina cin kabsa ina cin bukhari, dafa-dukan shinkafar mutanen nan. Ni ba likita ba ne, direba ne, shekarata goma sha ɗaya a garin nan, abin da zan faɗa shi ne abin da na bi da kaina da wanda likitan da ya duba ni ya ɗora ni a kai. Roƙona ɗaya, a bi matakan nan a jere yadda na kawo su. Yawancin waɗanda suka faɗi a hanya rana ɗaya suka so su canza komai, kwana goma suka gaji suka koma gidan jiya.

1. Awo tukuna, kafin ka taɓa abincinka

Abu uku za ka nema: sikelin hawa, tef ɗin tela, da ɗan littafi ko wayarka. Sikeli mai batir na saye shi wajen riyal hamsin, akwai mai araha akwai mai tsada, duk aikinsu ɗaya. Tef kuwa bai wuce riyal biyu zuwa biyar ba a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalain.

Da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, ka hau sikeli ka rubuta. Sai ka zagaya tef a cikinka daidai saitin cibiya, ka saki numfashi, kada ka shanye ciki don ba wanda kake yaudara sai kanka. Namiji in ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, in ya kai 102 abin ya yi nisa. Mace kuma 80 ne da 88. In lissafin nan ya yi maka yawa ga mai sauƙi: faɗin cikinka kada ya wuce rabin tsawonka. Ni tsawona 174, ke nan 87 ya kamata, amma ran da na fara 106 na gani, sai da na sake aunawa sau biyu.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne hawa sikeli kullum safe da yamma. Nauyin mutum yana hawa yana sauka da kilo ɗaya ko fiye a wuni saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji, in kana bin wannan hankalinka ne kawai zai tashi. Rana ɗaya a sati ta isa, ni Juma'a da safe na zaɓa.

2. Je ka a duba jininka

Wannan shi ne matakin da kowa yake tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Ka je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ba ka karya ba, awa takwas ba ka ci komai ba sai ruwa, ka ce a gwada maka suga da hawan jini, in da hali har da kitsen jini. In kana aiki da kamfani kana da ta'amin, wato inshorar lafiya, ka yi amfani da shi, haƙƙinka ne. In babu, ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku don bambancin yana da yawa.

Sugan mai azumi ƙasa da 100 lafiya lau, daga 100 zuwa 125 kana bakin ƙofa, 126 zuwa sama in an maimaita an sake samu to ciwon suga ne. Akwai kuma gwajin da suke ce wa tarakumi, wanda yake nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi 5.7 zuwa 6.4 bakin ƙofa ne, 6.5 ya shiga. Nawa 6.1 ya fito, kuma wallahi ba na jin ciwon komai a lokacin. Hawan jini kuma in ana yawan samun 140 a kan 90 ko sama ba maganar tafarnuwa da zoɓo ba ce, likita za ka gani.

Hattara: mai shan maganin suga, musamman mai allurar insulin, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mace mai ciki ko mai shayarwa, kada ɗayanku ya rage abinci ko ya kama azumi sai da sanin likitansa. Suga in ya faɗi ƙasa ya fi saurin kai mutum lahira a kan wanda ya hau. Lambar ma'aikatar lafiya 937 ce, ana kiranta dare da rana a yi magana da likita.

Sannan ka sa wa kanka buri mai yiwuwa. Kashi biyar zuwa bakwai cikin ɗari na nauyinka, ga mai kilo 100 kilo biyar zuwa bakwai ke nan. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda suke bakin ƙofar ciwon suga da suka rage kamar haka suka haɗa da tafiya, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo a sati ya yi, kilo ɗaya ya yi sosai, abin da ya wuce haka yawanci ruwa ne da naman jiki kake zubarwa.

3. Sati biyun farko: kofi da gwangwani kawai

A nan zan daɗe, don a ganina rabin tumbin da muke yi a ƙasar nan ta maƙogwaro yake shiga ba tauna shi muke ba. A sati biyun nan kada ka taɓa shinkafarka, ka ci yadda ka saba, abin sha kawai za ka gyara.

Ka zauna ka lissafa na jiya da gaskiya. Ni ga nawa na da: shayi da asuba cokali uku na suga, shayin karak a hanya wajen ƙarfe tara da madarar nan mai kauri, Pepsi da abincin rana don a nan ko ba ka tambaya ba tare suke haɗo maka, shayi bayan la'asar, wani Pepsi ko Mirinda da dare, in tuƙin dare ya kama kuma a ƙara da gwangwanin mai sa kuzari. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba yana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi an fi so babba kada ya wuce kamar cokali shida a wuni gaba ɗaya. Ni kuwa da na tara sai na ga na haura talatin, kullum, shekara da shekaru. Gwamnatin nan ma a 2017 ta sa harajin kashi 50 a kan lemon gas da kashi 100 a kan masu sa kuzari, muka yi ta ƙorafin tsada amma ba mu fasa saya ba.

Yadda za ka yi: lemon gas ka yanke shi rana ɗaya, shi ba a yi masa sannu-sannu. In an miƙo maka da abinci ka ce a musanya da ruwa ko laban, wato nono. Shayi kuwa shi ake lallaɓawa, daga cokali uku ka koma biyu na kwana huɗu, sai ɗaya, ka ƙara na'ana'a ko citta ko kanumfari su rufe gurbin. Harshe yana sabawa, yanzu in aka ba ni shayin da nake sha a da ji nake kamar an narka alewa.

Hattara da asir, wato matsattsen ruwan 'ya'yan itace. Mutane suna barin Pepsi su koma lemon kwali ko mangwaron da ake markaɗawa a shagon asir suna ganin sun tsira, alhali suga ɗaya ne, wani ma ya fi. Ka ci lemon zaƙin da kansa ka tauna, guda ɗaya ya ishe ka, amma kofi ɗaya na matsattse lemo uku ne ko huɗu a ciki. Zuma ma suga ce, albarkarta daban amma in ka tuttula cokali uku a shayi ba ka rage komai ba. Dabino kuma, na san nan ƙasarsa ce kuma sunna ne, amma uku da gahawa daban, zama da kwalin dabinon sukkari a gaba ana hira har a ga ƙasansa daban.

Kwana uku zuwa biyar na farko za ka iya jin ciwon kai da kasala da saurin fushi, musamman in ka saba da masu sa kuzari. Yana wucewa. Ka gaya wa iyali tun da wuri don kada a ɗauka wani abu ne.

4. Sati na uku: faranti naka na kanka

Matsalar cin abinci a tire ɗaya ita ce ba ka san nawa ka ci ba, hannu yana zuwa yana dawowa ana labari har sai an ga azurfar tire. Ba na ce ka ware daga jama'a ba, a'a, ka zauna a sufura tare da kowa amma ka ɗebi naka a ƙaramin faranti sau ɗaya, in ya ƙare shi ke nan. In wurin da kunya ne, kamar walima, ka shata iyakarka a gabanka da ido ka tsaya a kanta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Rabon farantin haka yake: rabi ganye da salak, kwata shinkafa ko tuwo ko gurasa, kwata nama ko kifi ko wake ko ƙwai. Shinkafar kamar dunƙulen hannunka, in kai mai aikin ƙarfi ne ɗaya da rabi. Ka fara da salak da naman, shinkafa ta zo ƙarshe, za ka yi mamakin yadda za ta ishe ka.

A mat'am kuma, wato gidan abinci, nafar ɗaya, wato rabon mutum ɗaya, na shinkafar da suke zubawa abincin mutum biyu ne ko uku, kowa ya sani. Ni da abokin aikina nafar ɗaya muke saye da rabin kaza gasasshiya ta gawayi ko ta shawwaya mu raba, kuɗin ma ya ragu. Fatar kazar ka cire. Soyayyar kazar Albaik ba zan ce ka daina ba don na san ba za ka ji ba, ɗan Jidda da Albaik sai Allah, amma sau ɗaya a sati biyu, ka bar rabin dankalin, miyar tafarnuwar nan ɗaya ta isa. Tun 2019 doka ta sa gidajen abinci su rubuta kalori a gefen kowane abinci, ka riƙa ɗaga kai kana dubawa, akwai abin da za ka gani da kanka ka fasa.

Karin safe: ful, dafaffen waken nan nasu, abinci ne mai kyau ƙwarai, yana riƙe ciki har azahar, matsalar man da ake malala masa ne da gurasar tamis guda sukutum. Ka ce a rage mai, ka ci rabin tamis, kuma ba mai cuku ko mai suga ba. Babban cokali ɗaya na mai, kowane iri ne har da zaitun, kalori wajen 120 ne. Uwargida, ki daina tsiyaya mai daga jarka kai tsaye cikin tukunya, ki auna da cokali, a nan kaɗai gida guda zai ga canji.

Abincinmu na gida kuwa shi ne ya fi sauƙin gyara. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, zogale, wake, duk ana samu a wajen mutanenmu, wanda yake Makka ya san Shara Mansur ba abin da babu. Miya ta yi yawa tuwo ya zama malmala ɗaya madaidaiciya. Tsire ma, wanda Larabawan nan suke kira siriya suna layi a kansa, ba laifi in ba kitse ka zaɓa ba kuma ba da burodi biyu da lemo ka kora ba.

Hattara da gishiri a wannan mataki, don in mutum ya rage mai sai ya rama da dunƙule. Gishirin wuni gaba ɗaya kada ya wuce giram biyar, kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma da na cikin dunƙulen miya da na Indomie da na cuku da zaitun ɗin gwangwani duk a ciki ake lissafawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya ba mu ma'auni a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mun haddace shi tun muna yara, aiki da shi ne sai a hankali.

5. Dawo da abincin dare baya

Rayuwar garin nan ta dare ce, sha ɗaya sha biyu ake zama cin abinci mai nauyi, a sha shayi, a kwanta ƙarfe biyu, a tashi asuba. Ka yi ƙoƙari abincinka na ƙarshe ya zama tsakanin magariba da isha'i, ko dai awa biyu zuwa uku kafin ka kwanta. In yunwa ta taso daga baya, laban ko kokwamba ko ƙwai dafaffe ɗaya. Barci kuma ka nemi awa bakwai ko da sai ka haɗa da ƙailula, don ran da ban yi barci ba na lura hannuna ba ya barin biskit.

'Yan uwana mata masu aiki a gidaje, na san ku ba ku da iko da lokacin girki ko abin da za a dafa. Abin da ke hannunki shi ne ragowar abincin yara da kike ƙarasawa don kada a zubar, da ɗanɗane-ɗanɗanen kicin, da cin abinci a tsaye. Ki zuba naki a faranti ki zauna ki ci, ragowar a sa a firji.

6. Sati na biyar: tafiya

Sai yanzu muka zo motsa jiki, da gangan na bar shi baya, don tafiyar awa guda gwangwani biyu na lemo sun goge ta. Abin da ake so minti 150 a sati, wato minti talatin sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗaga. Ka fara da minti goma sha biyar ka riƙa ƙara biyar duk sati. Wanda ya ce ba zai iya ba ya tuna ran da ya yi umara, tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya taka kusan kilomita uku bai faɗi ba.

Kayan aiki takalmi ne kawai mai laushin ƙasa, ba silifa ba, da gorar ruwa. Ba sai ka biya kuɗin nadi, wato gidan motsa jiki, ba, na san mutum uku da suka biya na wata shida suka je sau huɗu. Bayan asuba ko bayan isha'i a Kornish bakin teku ko mamsha, wato hanyar masu tafiya a ƙasa, ta unguwarku, in zafi da gumin Jidda sun yi yawa ka shiga babban mol ka zagaya cikin sanyi ba mai ce maka don me. Masallacin da ya ɗan fi nisa ma dabara ce, ka samu lada ka samu lafiya. Mata ku haɗu biyu ko uku, ya fi daɗi kuma ya fi ɗorewa.

Hattara, wannan ba wasa ba ne: kada ka fita tafiya da rana a lokacin zafi. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. In ka ji jiri, ko tashin zuciya, ko ciwon kai mai tsanani, ka nemi inuwa ka sha ruwa. In wani ya rikice yana sambatu jikinsa ya yi zafi rau, a zuba masa ruwa a kira motar asibiti a 997 nan take. Ciwon ƙirji ko numfashi ya riƙa yankewa lokacin tafiya kuma tsayawa ake yi a tafi asibiti, ba a daurewa. Fitsarinka shi zai gaya maka ko ruwan da kake sha ya isa, in ya yi ja ka ƙara. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa duk ran da ya dawo.

7. Abin da ba za ka kashe wa kuɗi ba

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok, yawancinsu ganyen filasko ne a ciki, sanamaki in ji mutanen nan, gudawa kawai zai sa ka, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo. Na sha na wata guda kafin in yi hankali, riyal ɗari da hamsin ta tafi, ni da banɗaki muka saba. Ƙwayoyin da ba a san asalinsu ba sun fi haɗari, an sha kama irinsu da sinadarin sibutramine a ɓoye, wanda aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Bel ɗin ɗaure ciki gumi kawai yake sa ka.

Allurai irin su Ozempic da Mounjaro magunguna ne na gaske kuma suna aiki, amma likita ne yake rubuta su bayan ya duba ka, suna da tsada, suna sa tashin zuciya, kuma da yawa in sun daina nauyin yana dawowa. Kada ka saya a hannun wani, kada ku raba allura ɗaya da ƙawa.

8. In sikeli ya tsaya

Zai tsaya, nawa a wata na huɗu ya kafe a 89 sati uku cur. Kada ka ce bari in daina cin abinci gaba ɗaya, nan ne ake ɓarar da komai. Ka ɗauko tef tukuna, sau da yawa ciki yana raguwa sikeli bai motsa ba. In shi ma ya tsaya, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da wanda aka miƙo maka a mota, za ka kama ɓarawon. Ni nawa karak ne ya dawo ta bayan gida, ɗaya a rana ya koma uku ban ankara ba. Azumin Litinin da Alhamis yana taimakawa ga mai lafiya, in dai ba a rama da sambusa goma da Vimto a buɗa baki ba.

Bayan wata uku cif ka koma inda aka gwada ka a maimaita tarakumi da hawan jini, ka tafi da takardar farko a hannunka don likita ya kwatanta. Nawa daga 6.1 ya sauko 5.6, cikin kuma yanzu 92 ne, saura santimita biyar in kai rabin tsawona.